BEDA NA JARROW (673–735): MALAMIN DA YA MUTU DA AIKIN BISHARA A BAKINSA

Akwai abubuwa biyu da da wuya a rasa su a gidan mai bi: Littafi Mai Tsarki cikin harshen da iyali suke ji, da kuma kalanda a bango mai ƙirga shekaru daga haihuwar Almasihu. Mun saba da su ƙwarai, har ba mu cika tambayar ta hannun wa suka iso gare mu ba. A wannan fitowa, filinmu na tarihin bayin Allah zai kai mu arewacin ƙasar Ingila, kusan shekara 1,300 da suka wuce, wurin wani mutum da ya sa hannu cikin al'amuran nan biyu. Sunansa Beda, Turawan Ingila na yau suna rubuta shi Bede. Bai taɓa zama bishop ba, bai shugabanci gidan da ya zauna ba, bai kuma taɓa ƙetare teku ba. Daga ƙuruciya har tsufa yana wuri ɗaya, yana addu'a, yana karatu, yana koyarwa.

Beda ɗan zuhudu ne, wato ɗaya daga cikin mutanen da suka bar aure da mallakar dukiya suka taru a gida ɗaya ƙarƙashin shugaba, domin sujada da aiki. Yawancin ikilisiyoyinmu a nan Arewa ba su da irin waɗannan gidaje, ba kuma muna kiran iyaye su kafa su ba ne. Amma wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ta umurce mu mu tuna da waɗanda suka riga mu cikin bangaskiya, mu dubi ƙarshen zamansu, mu yi koyi da su. Da wannan niyya muka kawo labarin.

Yaro ɗan shekara bakwai

An haifi Beda wajen shekarar 673 a masarautar Northumbria, kusa da bakin kogin Wear. A lokacin bishara sabuwa ce a ƙasar. Sarkinsu na farko da ya karɓi baftisma, Edwin, ya yi haka ne a shekarar 627, shekara 46 kacal kafin haihuwar Beda. Ke nan tsofaffin da ya tarar a ƙauyensu sun san zamanin bautar gumaka da idonsu, kamar yadda da yawa daga cikinmu muka tarar da kakanninmu waɗanda su ne masu bi na fari a zuriyarsu.

Da ya cika shekara 7, danginsa suka kai shi gidan zuhudu na Wearmouth suka danƙa shi a hannun shugaban gidan, Benedict Biscop, domin ya yi ilimi. Mai karatu zai tuna da Hannatu da ta kai Sama'ila wurin Eli a Shilo. Mu ma a ƙasar nan ba baƙon abu ba ne iyaye su ba malami yaro. Abin da ke bambanta sakamakon shi ne hannun da yaron ya faɗa, Beda kuwa ya faɗa hannu nagari.

Benedict Biscop ɗan manyan gida ne wanda ya bar hidimar fada yana da shekara 25. Ya kafa gidan Wearmouth a shekarar 674 a kan filin da Sarki Ecgfrith ya ba shi. Ya yi tafiya zuwa Roma sau da dama, tafiyar watanni a ƙasa da kan ruwa, sau da yawa kuma yakan komo da kayan littattafai. Ya kawo magina na dutse da masu yin gilashin taga daga ƙasar da ake kira Faransa a yau, ya kuma roƙo wani babban malamin waƙa daga majami'ar Bitrus ta Roma, mai suna Yohanna, ya zo ya koya wa 'yan'uwa rera Zabura. Masana suna kiyasin littattafan da ya tara sun kai 200 ko fiye. A zamanin da kowane littafi da hannu ake rubuta shi a kan fata, wannan babbar dukiya ce. Wajen shekarar 682 aka buɗe gida na biyu a Jarrow, kusan kilomita 11 daga na farko, ƙarƙashin Ceolfrith, wanda ya zama uban Beda cikin Ubangiji. Dutsen da aka rubuta ranar keɓe majami'ar Jarrow, 23 ga Afrilu 685, yana nan a jikin ginin har yau.

Shekarar annoba

A shekarar 686 annoba ta faɗa wa gidajen biyu. Wani tsohon tarihin rayuwar Ceolfrith ya ba da labari cewa a Jarrow duk waɗanda suka iya karatu da rera waƙoƙin sujada sun mutu, saura shugaban da wani ƙaramin yaro da ya reno. Marubucin bai faɗi sunan yaron ba, sai dai ya ce daga baya ya zama firist a gidan, yana yabon ayyukan shugaban da baki da rubutu. Saboda haka masana tarihi da yawa suka ɗauka Beda ne, wanda a lokacin bai wuce shekara 13 ba.

Cikin baƙin ciki Ceolfrith ya ba da umurni a taƙaita sujada, a bar amshin da ake rerawa tare da Zabura a yawancin lokutan addu'a, tun da babu masu amsawa. Mako ɗaya aka yi haka, zuciyarsa ta kasa ɗauka. Ya maido da sujada cikakkiya. Dattijo da yaro suka riƙa tsayawa cikin majami'ar da kujerunta suka zama wayam, wannan ya rera, wancan ya amsa, dare da rana, har aka horar da waɗansu da za su tsaya tare da su.

Mu mazauna Suleja mun san abin da ake nufi da komawa sujada a wurin da aka yi rashi. Ba mu manta da safiyar Kirsimati ta shekarar 2011 ba, lokacin da bam ya tashi a majami'ar Katolika ta St. Theresa da ke Madalla, ya hallaka masu sujada da dama. Wanda ya taɓa shiga ɗakin sujada bayan irin wannan rana ya san nauyin buɗe baki a yi waƙa. Yaron Jarrow ya koyi wannan darasi tun yana ɗanye, bai kuma koye shi daga littafi ba. Ya gani ne a jikin dattijon da yake tsaye kusa da shi yana kuka yana rera Zabura.

Zaman yau da gobe

An naɗa Beda dikin yana da shekara 19, ko da yake bisa ƙa'ida sai mutum ya kai 25. An naɗa shi firist yana da shekara 30. Bishop Yohanna na Hexham ne ya ɗibiya masa hannu duka biyun. Daga nan rayuwarsa ta bi hanya ɗaya har ƙarshe. Bisa al'adar gidajen zuhudu, 'yan'uwa sukan taru domin addu'a sau bakwai da rana, sau ɗaya kuma da tsakar dare, tsakanin waɗannan lokatai kowa ya kama aikinsa. Beda da kansa ya rubuta game da Eosterwine, ɗan sarauta da ya shugabanci Wearmouth, cewa yakan yi sussuka da shiƙa tare da 'yan'uwa, ya tatsi tumaki da shanu, ya yi aiki a lambu da madafa ba tare da jin ya fi ƙarfin haka ba. A irin wannan gida Beda ya girma.

Shekaru bayan mutuwarsa, malamin nan Alcuin ya tuna wa waɗansu 'yan'uwa wani abu da aka ji daga bakin Beda. Ya gaskata cewa mala'iku suna halartar taron addu'a, yana kuwa jin kunyar su duba su ga wurinsa babu kowa, su tambayi inda ya shiga. Mutumin da ya fi kowa yawan aikin rubutu a ƙasar bai mai da aikin hujjar fashin sujada ba.

A ƙarshen babban littafinsa ya bayyana cewa abin da ya fi masa daɗi a duniya shi ne koyo, da koyarwa, da rubutu. Ya bar littattafai kusan 60. Mafi yawansu bayani ne a kan Littafi Mai Tsarki: Farawa, Sama'ila, Ezra da Nehemiya, Karin Magana, Markus, Luka, Ayyukan Manzanni, wasiƙun Yakubu, Bitrus, Yohanna da Yahuza, da Wahayin Yahaya. Ya kuma rubuta wa ɗalibansa littattafan nahawu, da ƙa'idar rubutu, da lissafin lokaci. Sau da yawa shi ne mai tunani, shi ne magatakarda, shi ne mai kwafa, cikin sanyin da yakan daskarar da yatsu.

Halaye biyu na aikinsa sun isa a lura da su. Na farko, ba ya cin guminsu waɗansu. Idan ya ɗauko magana daga wani malami na dā, yakan sa alamar sunansa a gefen shafi, ya kuma roƙi masu kwafa kada su yar da alamun, domin kada a ce ya mai da maganar wani tasa. Na biyu, ba ya jin kunyar gyara kansa. Bayan ya ƙara ƙwarewa a harshen Helenanci, ya sake duba bayanin da ya rubuta a kan Ayyukan Manzanni, ya fitar da wani littafi dabam yana nuna wuraren da ya yi kuskure ko ya gaza.

A zamaninsa Ceolfrith ya sa aka rubuta cikakken Littafi Mai Tsarki guda uku cikin Latin. A shekarar 716, yana tsoho, ya ajiye shugabanci ya kama hanyar Roma da ɗaya daga cikinsu domin ya miƙa kyauta, ya bar 'yan'uwa kusan 600 a gidajen biyu. Bai kai ba, ya rasu a garin Langres a watan Satumba. Rabuwar ta taɓa Beda har ya ajiye alƙalami na ɗan lokaci a tsakiyar bayaninsa a kan littafin Sama'ila. Wannan Littafi, da ake kira Codex Amiatinus, yana birnin Florence na Italiya a yau. Yana da ganye fiye da 1,000, nauyinsa kusan kilo 34, an kuma yi amfani da fatar maruƙa fiye da 500 wajen yin sa. Shi ne mafi tsufa cikin cikakkun Littattafai Masu Tsarki na fassarar Latin ta Jerome da suka rage a duniya. Bari mai Littafi a aljihu ko a wayar hannu, wanda yakan yi mako bai buɗe shi ba, ya auna wannan.

Bashin da Ingila ta ci a Afirka

Akwai masu cewa bangaskiyar Kirista kayan Turawa ne da aka shigo mana da shi. Rayuwar Beda tana nuna cewa kogin ya taɓa gudu ta wancan gefe. Ɗaya daga cikin malaman da ya fi dogara gare su, Augustine na Hippo, ɗan Afirka ta Arewa ne, daga ƙasar da ake kira Aljeriya a yau. Da ya zo rubuta bayanin Wahayin Yahaya, ya jingina ga Tyconius da Primasius, su ma 'yan Afirka ta Arewa. Sa'an nan a shekarar 670 wani ɗan zuhudu haifaffen Afirka mai suna Hadrian ya iso Canterbury, ya haɗa hannu da Babban Bishop Theodore, mutumin Tarsus garin Manzo Bulus, suka kafa makaranta inda aka koya wa 'ya'yan Ingila Littafi Mai Tsarki, da Latin, da Helenanci, da lissafi. Beda ya yaba wa zamanin nan ƙwarai. Albinus, almajirin Hadrian wanda ya gaje shi, shi ne ya ƙarfafa Beda ya rubuta tarihinsa, ya kuma aiko masa da labaran da yake bukata. Ashe kafin Turawa su zo koya mana, ɗan Afirka ya riga ya zauna da allo yana koya wa kakanninsu.

Ƙirgar shekaru da zargin ƙarya

Wata babbar gardama a ikilisiyar Ingila ita ce ranar da ya kamata a yi Idin Tashin Almasihu, domin masu bin al'adar Roma da masu bin ta Ireland lissafinsu ya sha bamban. Har akan sami shekarar da sarki yana bikin Ista, matarsa kuwa tana cikin azumi. Taron Whitby na shekarar 664 ya tsai da lissafin Roma. Wannan ya sa Beda ya zurfafa cikin ilimin rana da wata. Ya rubuta ƙaramin littafi a shekarar 703, da babba a shekarar 725. A ciki ya koyar cewa duniya a mulmule take kamar ƙwallo, ya kuma nuna dangantakar wata da cikar teku da janyewarsa.

Ƙirgar shekaru daga haihuwar Almasihu ba Beda ya ƙago ta ba. Wani ɗan zuhudu mai suna Dionysius ne ya tsara ta a Roma a shekarar 525, amma kusan shekara 200 ba ta bazu ba. Mutane suna ƙirge ne da shekarun sarautar sarakuna, Ingila kuwa tana da sarakuna da yawa a lokaci ɗaya. Beda ya ɗauki wannan ƙirga ya jera tarihinsa a kanta, da littafin ya bazu a Turai, ƙirgar ta bazu tare da shi.

Wannan ilimi ya jawo masa tsiya. Ya lissafta daga fassarar da aka yi daga Ibraniyanci cewa shekara 3,952 ne daga halitta zuwa haihuwar Almasihu, alhali lissafin da aka saba da shi ya haura 5,000. A shekarar 708, a wurin wani cin abinci gaban Bishop Wilfrid, waɗansu suka zarge shi da karkatacciyar koyarwa, ba kuwa wanda ya tsawata musu. Da labari ya iso masa ya firgita ƙwarai. Bai rama da zagi ba, bai kuma bar ikilisiya ya kafa tasa ba. Ya rubuta wasiƙa zuwa ga wani ɗan'uwa mai suna Plegwin, ya jera hujjojinsa dalla-dalla, ya roƙa a karanta ta a gaban bishop ɗin. Cikin wasiƙar ya nuna damuwarsa da masu yawan tambayarsa shekara nawa suka rage duniya ta ƙare. Matsayinsa shi ne na Matiyu 24 da Ayyukan Manzanni 1, cewa sanin ranar na Uba ne kaɗai. Iyalan da masu sa ranar tashin duniya suka taɓa ruɗawa za su ga amfanin wannan.

Tarihin ikilisiyar mutanensa

A shekarar 731 ya kammala littafin da ya fi shahara da shi, tarihin ikilisiyar al'ummar Ingila, kashi biyar. Bai zauna ya ƙaga ba. Ya aika wasiƙu zuwa ga bishop-bishop da gidajen zuhudu, ya tambayi tsofaffin da suka gani da ido, wani firist na Landan mai suna Nothhelm kuma ya je Roma ya kwafo masa tsofaffin wasiƙu. A gabatarwar littafin ya ambaci waɗanda suka ba shi labari, ya kuma bayyana manufarsa: mai karatu ya ga nagarta ya yi koyi, ya ga mugunta ya guje ta.

Ta wurinsa muka san labarin bafaden Sarki Edwin da ya kwatanta ran ɗan Adam da ɗan tsuntsun da ya shigo zauren sarki da daren hunturu ta wannan ƙofa, ya ɗan ji ɗumin wuta, ya fice ta waccan zuwa cikin duhu, ya kuma ba da shawara a karɓi sabuwar koyarwa in tana da labarin inda aka fito da inda za a. Ta wurinsa muka san Aidan, mai bishara daga tsibirin Iona, wanda ya zo a shekarar 635 bai iya harshen mutanen sosai ba, Sarki Oswald da kansa ya riƙa tsayawa yana yi masa tafinta a gaban fadawa. Aidan yakan yi yawon wa'azi da ƙafa, da wani sarki ya ba shi doki mai kyau, bai daɗe ba ya ba wani maroƙi shi da kayan hawansa duka. Ta wurinsa kuma muka san Caedmon, mai tsaron dabbobi a Whitby, wanda yakan sulale daga taro in ya ga garaya ta kusa zuwa kansa, amma Allah ya ba shi baiwar shirya waƙoƙin Littafi Mai Tsarki da harshen talakawa, shugabar gidan, Hilda, ta gane baiwar ta rene ta.

Beda bai yarda da lissafin Ista na Aidan ba ko kaɗan, ya kuma faɗi haka a fili. Duk da haka ya yabi ƙaunarsa, da tawali'unsa, da rashin kwaɗayinsa. Wannan abin koyi ne ga masu bi na ɗarikoki dabam dabam da suke zaune unguwa ɗaya. Ba kuma za mu ɓoye rauninsa ba: alƙalaminsa ya yi wa Birtaniyawa na asali tsanani, mutanen da kakanninsa suka ƙwace wa ƙasa. Babban laifin da ya ɗora musu shi ne sun ƙi yi wa maƙwabtansu wa'azin bishara. Bai auna zafin da ke zuciyar wanda aka kora daga gonarsa yadda ya kamata ba. Amma tambayar da ya tayar tana nan a gabanmu: idan wani ya cuce mu, ya fita ke nan daga cikin waɗanda muke bin su bashin bishara?

Wasiƙar dattijo

A shekarar 733 ya ziyarci Egbert, bishop na York. Da shekara ta kewayo rashin lafiya ta hana shi komawa, sai ya rubuta masa wasiƙa ranar 5 ga Nuwamba 734. Cikinta ya faɗi gaskiya ba tsoro. Ya ce akwai ƙauyuka a cikin duwatsu da dazuzzuka da suka yi shekaru ba su ga bishop ko mai koyarwa ba, amma ba wanda aka ɗauke wa biyan kuɗin ikilisiya. Ya ce waɗansu masu hali suna sayen fili da sunan gidan zuhudu domin su tsere wa hidimar ƙasa, su zauna ciki suna biyan bukatun kansu. Ya ba da shawara a ƙara yawan bishop-bishop, a sa firistoci a ƙauyuka, a kuma koya wa kowane mai bi Addu'ar Ubangiji da Shaidar Bangaskiya ta Manzanni da harshensa har ya haddace. Ya ce shi kansa ya sha fassara su yana ba firistocin da ba su iya Latin ba.

Shugabannin ikilisiya su karanta wannan da natsuwa. Daga Suleja zuwa Abuja tafiya kaɗan ce, zuciyar ma'aikaci kuwa takan karkata zuwa inda kwalta da wuta suke. Amma ƙananan ikilisiyoyin da ke ƙauyukan Gbagyi da Koro su ma tumakin Ubangiji ne. Inda hannun karɓar baiko ya kai, ya wajaba ƙafar makiyayi ta kai.

Kwanakin ƙarshe

Almajirinsa Cuthbert, wanda yake wurin, shi ya rubuta yadda ƙarshen ya kasance. Mako biyu kafin Ista ta shekarar 735 numfashi ya fara yi masa wuya. Duk da haka kullum yakan koyar da ɗalibai, sauran yini ya rera Zabura, da dare kuma in ya farka ya ɗaga hannu yana godiya. Ɗaliban suna karatu suna kuka. Ayyuka biyu yake son gamawa: tsamo waɗansu sassa daga littafin malami Isidore, domin kada yaransa su karanta kuskure bayan ransa, da kuma fassara Bisharar Yohanna zuwa harshen mutanensa. Fassarar ta kai sura 6 aya 9, wurin da Andarawus ya nuna yaron nan mai gurasa biyar da kifi biyu.

Ranar Talata kafin Idin Hawan Almasihu sama, ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya ƙara tsananta, amma ya yini yana shifta, yana gargaɗin ɗaliban su yi sauri tun da bai san sauran lokacinsa ba. Ranar Laraba da la'asar ya sa aka kira firistocin gidan, ya buɗe ɗan akwatinsa ya raba musu dukan abin da ya mallaka: ɗan masoro, da adiko, da turaren wuta. Ya roƙe su su riƙa tunawa da shi cikin addu'a. Da yamma ta yi, yaron da ke rubuta masa, Wilberht, ya tuna masa saura jimla ɗaya. Ya shifta masa ita. Da yaron ya shaida masa an gama, ya amsa cewa gaskiya ya faɗa. Ya roƙa a tallafi kansa ya fuskanci wurin da ya saba yin addu'a. Yana zaune a daɓen ɗakinsa, ya rera yabo ga Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, da ƙarewar yabon ransa ya fita. Bisa lissafin ikilisiya, wanda yini yake farawa daga faɗuwar rana, ranar ita ce 26 ga Mayu 735. Yana da shekara kusan 62.

Fassarar Yohanna ba ta iso gare mu ba, ta ɓace. Gidan Jarrow ma ya zama kufai cikin ƙarni na 9, bayan mahara daga teku sun fara afka wa gidajen zuhudu na gaɓar tun daga shekarar 793. Amma littattafansa sun riga sun ƙetare. Boniface, mai bishara a Jamus, ya riƙa aiko da wasiƙu yana roƙon a kwafa masa su. Kwafin tarihinsa na rubutun hannu fiye da 150 sun rage har yau. An kai ƙasusuwansa Durham cikin ƙarni na 11, kabarinsa yana cikin babbar majami'ar garin. A shekarar 1899 Paparoma Leo na 13 ya sa shi cikin manyan malaman ikilisiya, Anglikan da Katolika kuma suna tunawa da shi ranar 25 ga Mayu.

Abin da ya rage mana

Nauyin da ya kwana a zuciyar Beda, cewa talaka ya ji maganar Allah da harshen uwarsa, shi ne ya kawo mana namu Littafin. Cikin ƙarni na 19 James Schön ya fassara sassan Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa da taimakon wani saurayi Bahaushe, Dorugu. Likita Walter Miller, wanda ya zauna Zariya, ya ba da shekaru masu yawa ga aikin tare da abokan aikinsa, har aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a shekarar 1932, kusan shekara 1,200 bayan yammacin nan na Jarrow. Har yanzu akwai harsunan ƙasarmu da suke jiran nasu.

Iyaye, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ɗan shekara 7 bai yi ƙanƙanta da haddace Zabura 23 da Addu'ar Ubangiji ba, da Hausa ko da harshen gidanku. Ku duba hannun da kuke danƙa 'ya'yanku, ku kuma tuna cewa abin da yaro ya ga babba yana yi a ranar baƙin ciki ya fi zama a zuciyarsa. Matasa da ke ganin sai sun bar garinsu za su zama wani abu, ku dubi mutumin da ya yi shekara 55 a gida ɗaya, ya kuwa koyar da nahiya guda. Malaman makarantar Lahadi da masu wa'azi, ku yi bincike kafin ku koyar, ku ambaci wanda kuka ɗauko daga wurinsa, in kun yi kuskure ku gyara. Tsofaffinmu kuma, kada ku ce aikinku ya ƙare muddin akwai jika a gida da bai ji labarin Yesu daga bakinku ba.

Ubangiji ya ba mu aminci cikin ɗan abin da ya sa a hannunmu, ko da gurasa biyar ne da kifi biyu, ya kuma same mu a bakin aikinsa ranar da zai kira mu gida. Amin.